Tambaya da Amsa: Sake Koyon Tafiya Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Wasiƙun da suka zo wa filin nan a kan shanyewar ɓarin jiki kusan duk kukansu ɗaya ne: ƙafa na jan ƙasa, jiki na tangaɗi, kowa a gidan na fargabar faɗuwa. Likitocin fisiyo, wato masu farfaɗo da jiki ta hanyar atisaye, da ke amsa mana tambayoyi sun zauna a kansu. Sharaɗinsu ɗaya ne tun farko: atisayen da ke ƙasa na wanda likita ya riga ya duba ne, ya tabbatar zuciyarsa da hawan jininsa za su iya ɗaukar motsa jiki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan shekara 67 ne, wata 2 ke nan da sallamo shi daga asibiti, ɓarin hagu ne ya taɓu. Yana miƙewa idan an kama shi, amma da ya tsaya sai ya karkata dama, ƙafar hagun kamar ba tasa ba. Mu dai tallabe shi muke yi duk inda za shi. Daga ina za mu fara? *(Wata mai karatu)*

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri a kan wannan ɗawainiya.

Ƙafar kanta ba ta lalace ba, ɓarnar a ƙwaƙwalwa take. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin hagu na jiki, to da jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a can, sai saƙo iri biyu suka samu tangarɗa: wanda ke sauka ya umarci tsoka ta yi aiki, da wanda ke hawa ya shaida wa ƙwaƙwalwa inda ƙafar take da irin nauyin da ke kanta. Shi ya sa Baba bai yarda da ita ba. Sauran sassan ƙwaƙwalwa suna iya karɓar wannan aiki, amma sai an yi ta maimaita motsin, yau da gobe. Kuma a kowane taku akwai ɗan lokacin da dukkan nauyin mutum ke kan ƙafa ɗaya tak. Muddin ta hagun ba za ta iya riƙe shi a wannan lokaci ba, ta daman za ta riƙa gaggawar sauka, takun ya gajarce, jiki ya yi tangal-tangal. Saboda haka mafarin tafiya shi ne a koya wa ƙafar mai rauni ɗaukar nauyi.

Ku fara gyara wurin. A samu teburi mai nauyi wanda ba ya zamewa, ya dafa da hannunsa mai lafiya. A ajiye kujera a bayansa, a jingine ta da bango. A naɗe duk wata shimfiɗa mai zamewa, a kawar da wayoyin lantarki. Ya sa takalmi mai rufe diddige, ban da silifas, ban da safa zalla. Ke kuma ki tsaya ta gefensa na hagu, ɗan baya kaɗan, hannunki riƙe da bel mai faɗi da aka ɗaura masa a ƙugu.

Atisaye na farko tashi ne daga kujera. Kujerar ta zama mai tauri, tsayinta wajen santimita 45. Ya matso bakinta, ya ware ƙafafu daidai faɗin ƙugunsa, ya jawo su baya har diddige su ɗan wuce saitin gwiwa. Sai ya ranƙwafo gaba har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ya miƙe. Wajen zama kada ya saki jiki ya faɗa, ya sauka a hankali kina ƙirga masa 3. Sau 5 zuwa 10, sau 3 a yini. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙin ranƙwafowa: mutum ya yunƙura sama nauyinsa na baya, sai ki ga bayan gwiwarsa na tura kujera, ya koma daɓas. Idan abin ya gagara, a ƙara wa kujerar tsayi da matashi mai tauri, daga baya a cire. Idan kuma ya saba, ga dabara: ki mayar da ƙafar hagun baya da ta dama da kamar faɗin tafin hannu. Ƙafar da ke baya ita ke ɗaukar mafi yawan aikin tashi, ko ya so ko bai so ba.

Na biyu, karkata nauyi a tsaye. Idan kuna da sikelin awon nauyi, ki sa shi ƙarƙashin ƙafar hagu, ki sa katako mai kauri daidai da shi ƙarƙashin ta dama. In nauyin Baba kilo 70 ne, abin nema na farko shi ne sikelin ya nuna 35 yana tsaye sak. Zai yi mamakin ganin bai kai ba alhali shi yana jin a tsakiya yake, kuma wannan gani da ido yana gyara abin da ji ya kasa gaya masa. Daga nan ya tura ƙugunsa hagu har lambar ta haura 45 ko 50, ya riƙe daƙiƙa 5, ya dawo, sau 10. Ki lura da kyau, ƙugu ne zai tafi. Da yawa sukan sunkuyar da kafaɗa hagu ƙugu na nan a dama, nauyi bai je ko'ina ba. Gwiwar hagun kuma ta ɗan saki kaɗan, kada ta ƙulle ta baya.

Na uku, ya ɗaga ƙafar dama, wato lafiyayyar, ya kai ta gaba taku ɗaya ya dawo da ita, sau 10, daga baya ya riƙa ɗora ta a kan dakali mai tsayin santimita 10 yana saukewa. Mutane kan ɗauka motsa ƙafar mai ciwo shi ne atisayenta. A wajen daidaito, ɗaga lafiyayyar ne ke sa mai ciwon aiki, domin a lokacin ita kaɗai ke ƙasa.

Batun tallabewa kuwa, mun san tausayi ne ke sa ku, amma duk nauyin da kuka ɗaukar masa, ƙafarsa kuka hana koyo. Ku riƙa ragewa kaɗan-kaɗan: daga riƙo da hannu biyu zuwa hannu ɗaya a bel, daga nan zuwa tsayawa kusa kawai.

Tambaya: Ni ne mai ciwon, wata 5 ke nan. Ina tafiya, amma yatsun ƙafata ta dama suna kartar ƙasa, sai na jefa ƙafar gefe ta zagayo kafin ta sauka. Wani lokaci kuma gwiwar takan ƙulle ta baya har in ji zafi. *(Wani mai karatu)*

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. A tafiyar mai lafiya, tazarar da ke tsakanin yatsu da ƙasa lokacin da ƙafa ke wucewa gaba ba ta fi santimita 1 zuwa 2 ba, don haka rauni kaɗan ya isa ya sa tuntuɓe. Abu uku ne kan haɗu: tsokar gaban ƙwauri mai ɗaga tafin ƙafa ta yi sanyi, tsokar sha-raɓa ta ƙage tana jan diddige sama, gwiwa kuma ba ta lanƙwasawa yadda ya kamata. Ƙafar ta zama kamar ta fi ɗayar tsawo, sai jiki ya nemi mafita ta hanyar ɗage ƙugu ko zagayowa ta gefe. Mafitar tana cin ƙarfi, tana kawo ciwon baya, kuma idan ta zama jiki tana da wuyar bari.

Ka fara da miƙar da sha-raɓa. Ka fuskanci bango ka dafa, ƙafar dama a baya, diddige manne da ƙasa, gwiwa a miƙe, yatsu na kallon gaba. Ka matsa ƙugu gaba har ka ji ja a bayan ƙwauri, ka riƙe daƙiƙa 30, sau 3, safe da yamma. Kada ka riƙa fizga. Tsokar da ta ƙage, da an ja ta da sauri sai ta ƙara ɗaurewa. Sannan a zaune, diddige a ƙasa, ka ɗaga yatsu sama ka riƙe daƙiƙa 3, sau 10 zuwa 15, ko da ɗan motsi kaɗan kake gani. A tsaye kuma, dafe da teburi, ka ɗago gwiwar dama gaba sak ba tare da ka ɗage ƙugu ba, ka sauke diddige ya fara taɓa ƙasa. Madubi a gabanka zai nuna maka ko ƙugun na tashi.

Ƙullewar gwiwa ta baya kada ka yi wasa da ita, domin tana sassauta jijiyoyin bayan gwiwa a hankali. Sau da yawa tushenta shi ne wannan ƙagewar ta sha-raɓa, wadda ke hana ƙwauri matsawa gaba, tare da raunin tsokokin cinya. Ka riƙa ɗan durƙusawa kaɗan a tsaye, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na zama, ka taso a hankali ka tsaya kafin gwiwar ta ƙulle, sau 10.

Muna ba ka shawarar ka nemi a gwada maka abin tallafar idon sawu na roba da ake sawa cikin takalmi, wanda likitoci ke kira AFO. Yana hana yatsu faɗuwa, yana kuma taimakon gwiwa. A auna maka shi daidai ƙafarka, ka sa safa a ƙarƙashinsa, ka duba fatarka duk lokacin da ka cire. Jan da bai washe ba bayan minti 20 zuwa 30 alama ce yana matsa wurin, a koma a gyara. Akwai kuma 'yar na'ura mai aika lantarki kaɗan zuwa jijiyar da ke gefen gwiwa ta waje don ɗaga ƙafa a kowane taku, da allurar Botox da ake yi wa tsokar da ta ƙage sosai, wadda aikinta kan ɗauki wajen wata 3. Gashi da ruwan zafi kuwa a yi hattara, ƙafar da jinta ya ragu takan ƙone mai ita bai sani ba.

Tambaya: Mijina ɓarin dama ne ya shanye. A wane hannu zai riƙe sanda? Kuma yaya zan taimaka masa a matakala? Nakan saƙalo hannuna ta hammatarsa, amma yanzu yana kukan kafaɗa.

Amsa: Hajiya, don Allah ki daina kama shi ta hammata daga yau, kada kuma kowa ya ja shi da hannun nan mai rauni. Tsoka ce ke riƙe da ƙashin dantse a gurbinsa na kafaɗa. Idan ta yi sanyi, nauyin hannun kaɗai yana iya sa ƙashin ya ɗan zamo ƙasa, har a ji rami mai faɗin yatsa a saman kafaɗar, balle a ce an ja. Ciwon kafaɗa irin wannan yakan daɗe, yakan kuma hana sauran atisaye. A nuna wa likita kafaɗar, ke kuma ki koma riƙo a bel.

Sanda a hannun hagu take, ɓangaren da ke da lafiya. Tsawonta: ya tsaya da takalminsa, hannu a sake, mariƙinta ya zo daidai wuyan hannunsa, yadda in ya riƙe gwiwar hannun za ta ɗan lanƙwashe. Sandar da ta yi tsawo tana ɗage kafaɗa, wadda ta gaza kuma tana sa duƙawa. A farko taku uku ne: sanda, ƙafa mai rauni, lafiyayya. In ya ƙware sai sanda da ƙafa mai rauni su tafi tare. Ki riƙa duba robar gindinta, in ta suɗe a sauya. Sanda mai ƙafa huɗu ta fi ba da natsuwa a farko, sai dai tana rage sauri, tana kuma sa mutum ya kwanta a kanta ya manta da ƙafarsa, ga shi ba ta zama daidai a ƙasa mai gargada. Bai kamata a dawwama a kanta ba in akwai halin ci gaba.

A matakala, lafiyayya ce ke fara hawa, mai rauni ce ke fara sauka, mataki ɗaya-ɗaya, ƙafa biyu su haɗu kafin a ci gaba. Dalili shi ne ƙafar da ke sama ita ke ɗaga jiki, ita ce kuma ke sauke shi. Wajen hawa ki tsaya a bayansa, wajen sauka ki tsaya a gabansa mataki ɗaya ƙasa. Ki sa ido a kan ƙafar daman lokacin sauka, takan so ta gitta ta shiga gaban ɗayar. Ki tuna masa ya ajiye ta a gefe.

Tambaya: Alhamdu lillahi mahaifiyarmu tana zagaya ɗaki da sanda ba mai riƙe ta. Amma da ta fita waje, ko wani ya yi mata magana tana tafe, sai ta tsaya cak ko ta yi tangaɗi. Wane atisaye ne na gaba, kuma yaya za mu gane tana samun ci gaba?

Amsa: Madalla, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Abin da kuka lura da shi yana da muhimmanci. Tsayawa idan an yi magana yana nuna har yanzu tafiyar na cinye dukkan hankalinta, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa masu yin haka sun fi faɗuwa. Daidaiton jiki kuwa daga wuri uku yake zuwa: ido, cikin kunne, da jin da ke tafin ƙafa da gaɓoɓi. Wanda jin ƙafarsa ya ragu yakan jingina da ido, shi ya sa Mama ke kafa wa ƙasa ido, shi ya sa kuma waige ko duhu ke rikita ta.

A yi waɗannan a jikin bango ko doguwar kanta mai tsawon mita 3 zuwa 5, ɗayanku na gefenta mai rauni. Ta fara da tafiyar gefe, irin ta kaguwa: taku 10 zuwa dama, 10 zuwa hagu, yatsu na kallon gaba, jiki a miƙe. Wannan yana ƙarfafa tsokar gefen ƙugu, wadda ita ce ke cafke mutum idan ya yi gefe zai faɗi, kuma faɗuwar gefe ce ke karya ƙugu. Sai tafiya da baya, taku 10, yatsu su fara taɓa ƙasa sannan diddige, a tabbata babu komai a bayanta. Sai tsallake abu: a jera abubuwa 4 ko 5 marasa nauyi, kamar tawul da aka naɗe mai tsayin santimita 5, tazarar taku biyu a tsakaninsu, ta tsallake wani zubin da ƙafar dama a gaba, wani zubin da ta hagu. Kada a sa bulo ko wani abu mai tauri. Ƙafar da ke biyo baya ce ta fi kama abin, domin ido ba ya ganinta.

Juyawa tana bukatar nata atisayen daban, saboda faɗuwa da yawa a wajen juyi take faruwa. A ajiye kujeru biyu, tazarar mita 2, ta riƙa zagaya su tana zana lamba 8, da ƙananan taku, ba tare da ta murɗa a kan ƙafa ɗaya ko ta gitta ƙafafu ba. In waɗannan sun zauna, sai a matse hanya: a manna tef layi biyu a ƙasa, tazarar santimita 30, ta bi tsakaninsu, a rage zuwa 20, daga ƙarshe ta gwada diddige na taɓa yatsu tana dafe da bango. Bayan nan a shigo da waige, ta kalli dama taku 3, hagu taku 3. Sannan a haɗa da aikin ƙwaƙwalwa: ƙirge daga 50 zuwa ƙasa, ko lissafo sunayen jikoki, ko ɗaukar kofin roba da ruwa rabi. Daga nan sai waje, a kan ciyawa, yashi da ɗan gangare.

Ma'aunin wahala shi ne ta riƙa ɗan tangaɗi tana gyarawa da kanta. In ba ta ko girgiza, atisayen ya yi mata sauƙi, ba abin da take koya. In kuma sai kun cafke ta a kowane zubi, ya yi tsauri, a koma baya mataki ɗaya. Kuma abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko a rage dafawa, ko a ƙara nisa, ko a ƙara sauri.

Awo iri biyu za ku iya yi a gida duk mako 2. Na farko, ku auna mita 14, ku ɗauki lokacin da ta yi a mita 10 na tsakiya. Abin da ya haura daƙiƙa 25 tafiyar cikin gida ce. Tsakanin 25 da 12 da rabi, tana iya ɗan fita kusa. Ƙasa da haka, ta kama hanyar shiga jama'a. Na biyu, ta tashi daga kujera, ta yi mita 3, ta juyo ta zauna. In ya kai wajen daƙiƙa 14 ko fiye, haɗarin faɗuwa na nan, kada a bar ta ta fita ita kaɗai tukuna. Ku rubuta a littafi, domin sauƙin da ido ba ya gani kullum, agogo yana nuna shi, kuma yana ƙarfafa gwiwar mai jinya.

Tambaya: Da na miƙe sai jiri ya ɗebe ni, idona ya yi duhu. In ci gaba da atisaye?

Amsa: A fara gano dalili, ɗan'uwa. Mafi yawa jini ne ke sauka idan an miƙe, saboda doguwar kwanciya, ƙarancin ruwa a jiki, ko magungunan hawan jini. A auna jininka bayan ka kwanta minti 5, a sake aunawa bayan minti 1 da minti 3 da miƙewa. In lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, ka kai wa likitanka sakamakon ya duba magungunan. Kada ka dakatar da ko ɗaya da kanka, hawan jini ne babban mai jawo ciwon ya maimaita. Kafin ka tashi, ka motsa idon sawu sama da ƙasa sau 20, ka zauna a bakin gado minti 1 zuwa 2, ka miƙe ka tsaya, sannan ka ɗaga ƙafa. Mai ciwon suga ya auna sugansa kafin ya fara. In kuwa jirin na juyawar ɗaki ne idan ka juya kai, wataƙila daga cikin kunne ne ko daga ƙwaƙwalwar ƙeya, kuma kowanne da irin maganinsa.

Ranar da awon hawan jini ya kai 180 bisa 110 kana hutawa, ka bar atisaye ka tuntuɓi likita. Ka tsaya nan take in ka ji ciwon ƙirji, numfashi ya gagara, ko zuciya na bugawa ba tsari. Sha-raɓar da ta kumbura ta yi zafi a ƙafa ɗaya, kada a yi mata tausa, tana iya zama gudan jini. Karkacewar baki, sabon rauni a hannu ko ƙafa, harɗewar magana, ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, wannan asibiti ne a take, domin allurar narkar da gudan jini a cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta.

Tambaya: Shekara 2 ke nan da ciwon yayana, kuma ba mu da halin zuwa inda ake da injin tafiya. An ce mana bayan wata 6 ba a ƙara samun sauƙi. Gaskiya ne?

Amsa: Ba haka ba ne. Gaskiya sauƙi ya fi sauri a wata 3 zuwa 6 na farko, amma saurin tafiya, ƙarfi da daidaito suna ƙaruwa ko bayan shekaru in an dage. Wani abin da ake ɗauka shanyewa ce a shekara ta biyu, raunin zama ne kawai, kuma wannan yana gyaruwa.

Batun inji, akwai babban bincike mai suna LEAPS da aka yi a Amurka a kan mutum 408, aka fitar da sakamakonsa a 2011. An kwatanta masu tafiya a kan inji da ɗamarar da ke rage musu nauyi, da waɗanda likitan fisiyo ke bi gida yana sa su atisayen ƙarfi da daidaito, kowane rukuni zama 36. Bayan shekara 1, kashi 52 cikin 100 sun haura zuwa matakin tafiya na gaba, kuma injin bai fi atisayen gida ba. Sai dai a lura, na gidan ma da tsari aka yi shi, ana ƙara masa wuya a kai a kai. Don haka ko sau ɗaya a wata ne, a samu likitan fisiyo ya duba yayanku ya sabunta masa tsarin.

Yawan yi shi ne magana. A 2023 hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ɗaga shawararta zuwa aƙalla awa 3 na farfaɗo da jiki a yini, kwana 5 a mako, ga wanda zai iya. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka kuma ta ba da shawarar motsa jiki irin na tafiya minti 20 zuwa 60, kwana 3 zuwa 5 a mako, ana iya rarraba shi minti goma-goma. Ya fara da minti 5 sau 3 a yini, ya riƙa ƙara minti 1 ko 2 duk bayan 'yan kwanaki, da saurin da zai ɗan yi haki amma yana iya magana. Gajiyar bayan wannan ciwo gaskiya ce, ba lalaci ba ce. In ya wayi gari a galabaice, na jiya ya yi yawa, a rage. In kuma ya daina sha'awar komai, a gaya wa likita, domin kusan mutum 1 cikin 3 na samun ciwon damuwa bayan shanyewar jiki, kuma yana da magani.

Ga masu sabon ciwo kuwa, gaggawar farawa ma kuskure ce. Binciken AVERT na 2015, a kan mutum sama da 2,000 a ƙasashe 5, ya nuna yawan tayar da mara lafiya a cikin awa 24 na farko bai haifar da alheri ba. Ranar farawa likitocin asibiti ne ke yanke ta.

Tambaya: Kawuna yana yawan buge ƙofa da kafaɗarsa ta hagu, yana mance hannunsa a rataye, in an tsayar da shi kuma sai ya riƙa turawa ta ɓangaren ciwon yana cewa mu ne muka karkata shi.

Amsa: Ba gardama yake yi ba, Malam, haka ƙwaƙwalwarsa ke nuna masa. Bugun ƙofa na iya zama rabin ganinsa ne ya tafi, ko kuma ƙwaƙwalwa ce ta daina kula da duk abin da ke hagu, wanda aka fi gani idan ɓangarenta na dama ne ya taɓu. A gwada idonsa. A manna tef mai launi a gefen hagu na ƙofa, a koya masa tsayawa ya juya kai ya nemo tef ɗin kafin ya wuce, ku kuma ku riƙa zama kuna yi masa magana ta hagunsa. Turawar kuwa, kada ku mayar masa da turi, ƙara ƙarfi zai yi. A sa shi gaban madubi ko jikin ƙofa ya daidaita kansa da abin da ya gani a miƙe, ko a tsayar da shi ɓarinsa mai lafiya na kusa da bango, a ce ya kai kafaɗarsa ta taɓa bangon da kansa. Mai irin wannan hali bai kai ga atisayen tafiya a gida ba sai da likitan fisiyo a wurin.

Tambaya: Na faɗi a banɗaki makon jiya. Ban ji ciwo ba, amma tun ranar tsoro ya hana ni tashi. *(Wata mai karatu, shekara 58)*

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ba ke kaɗai ba ce. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 1995 ya gano kashi 73 cikin 100 na tsofaffin da aka bibiya sun faɗi a cikin wata 6 da komawa gida. Tsoronki yana da dalili, amma zama zai ƙara wa ƙafar rauni, rauni kuma ya ƙara kusanto da faɗuwa ta biyu. Ki gaya wa likitanki, a binciki abin da ya jawo: santsi ne, jiri ne, gaggawar fitsari ce, ko juyi a wuri matsattse? A kafa ƙarfen dafawa a bango ta ɓangarenki mai lafiya, a sa shimfiɗar roba mai kama ƙasa da kujerar wanka, a bar fitila a hanyar banɗaki da dare. Gobe ki koma tashi daga kujera da karkata nauyi, da mutum a gefenki, kwana 2 ko 3, sannan tafiya.

Ki kuma koyi tashi daga ƙasa, a gaban likitan fisiyo a karon farko, domin sanin za ki iya tashi yana rage tsoron sosai. In kin faɗi, kada ki yi saurin yunƙurawa, ki numfasa ki duba jikinki. Ki mirgina gefe, ki dogara da hannu mai lafiya ki zauna, ki ja jiki zuwa kujera mai ƙarfi. Ki ɗora dantsen hannun a kanta, ki tashi a kan gwiwoyi, ki kawo lafiyayyar ƙafa gaba tafinta a ƙasa, ki tura da ita da hannun, ki juya ki zauna. Mai taimako ya riƙe ƙugu, ba hannu ba.

Akwai lokacin da ba a tayar da mutum sam: in yana kukan ƙugu ko wuya, in ƙafar ta gajarce ta juya waje, ko in ya kasa ɗora mata nauyi. Ƙashin ɓangaren da ya shanye yakan yi laushi saboda rashin aiki, karayarsa ba wuya. A lulluɓe shi a kira taimako. Wanda kuma ke shan maganin tsinka jini irin su warfarin, in kansa ya bugu a kai shi asibiti ko da ya ce garau yake, saboda zubar jini a cikin kai takan ɗauki sa'o'i kafin ta nuna alama. In kina zama ke kaɗai a wasu lokuta, ki riƙa rataya wayarki a wuya ko a aljihu, har cikin banɗaki.